Kafin ka ce mata lalaci ne

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya da la'asar hadari ya haɗu a gabas, gari ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Yara suna ta murna a ƙofar gida. Ita kuwa ƙanwata, mai fama da ciwon ɓarin kai, tun azahar ta ce wani haske yana yi mata walƙiya a gefen ido. Kafin ɗigon farko ya sauka ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali, ta saki labule, ta roƙi a fitar da kaskon turaren wuta. Ƙarar injin niƙan maƙwabta ma ji take kamar a cikin ƙoƙon kanta ake yi. Amai sau biyu.

A gidan aurenta an sha ce mata sai lokacin ɗora tukunya kan yake tashi. Wasu kuma suka ce ai iskokai ne, tunda ba ya zuwa sai da hadari. Wallahi wannan magana tana ci mini rai.

Ciwon ɓarin kai ciwo ne sananne. Kusan mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana da shi, mata sun ninka maza kusan sau uku, kuma idan ya tashi yakan ɗauki awa 4 har zuwa 72. Iskar da ke kewaye da mu tana da nauyi ko da ba ma jin sa, kuma nauyin nan yakan ragu idan hadari ya gabato. A wurin wasu masu ciwon, wannan canjin yana cikin abin da ke tayar musu da shi. Haka zafin bazara da ƙishirwa, da ƙurar hunturu, da rana mai kashe ido. Iskar da Allah Yake kora girgije da ita ce, ba wadda kuke nufi ba. Ita ma kada a zage ta, Manzon Allah (SAW) ya hana zagin iska.

Ya ɗan uwa, mafi darajar halitta ma ya ɗanɗani wannan ciwo. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa an yi wa Annabi (SAW) ƙaho a kansa yana cikin harami saboda shaƙiƙa, wato ciwon ɓarin kai. To da wane baki za ka kira matarka malalaciya? Maigida, ka ji tsoron Allah. Ka kashe rediyo, ka fita da yara, ka miƙa mata ruwa. Hajiya, surukarki 'yar wani ce, amana ce a hannunki.

Ke kuma 'yar uwa, haƙurinki ba ya faɗuwa ƙasa banza; ko ƙaya ce ta soki mumini, Allah Yana kankare masa zunubi da ita. Amma ki riƙi sababi. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ranar da ya tashi da yadda gari yake, ki kai wa likita. Ranar da kika ga hadari na haɗuwa ki yawaita shan ruwa, kada ki zauna da yunwa, kada ki raba dare. Ki daina haɗiyar farasitamol kullum, domin yawan shan sa da kansa yana haifar da wani ciwon kan. In kuwa kai ya sare ki farat ɗaya irin wanda ba ki taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya, ko ɓarin jiki ya saki, asibiti nan take, musamman a bazara lokacin sanƙarau.

In ya tashi, ki ɗora hannunki a inda yake ciwo kamar yadda Annabi (SAW) ya koya wa Usman bin Abil As. Ki ce Bismillah sau uku, sannan sau bakwai: A'uzu billahi wa ƙudratihi min sharri ma ajidu wa uhaziru.