Tsoron karyewa ne ya danne niyyar kasuwanci a Zango

Ana yawan cewa matasan Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a Ghana, ba sa son kafa sana'ar kansu, jiran aikin gwamnati suke ko hanyar fita waje. Ban yarda da wannan magana ba. Wanda ya tashi a unguwar Aboabo ko Asawase a Kumasi, a cikin ciniki ya buɗe ido: uwa na sayar da koko da ƙosai, kaka ya yi fataucin goro. Niyya tana nan, tsoro ne ya danne ta, kuma tsoron yana da dalili.

A Disambar 2022 hauhawar farashi a Ghana ta kai kashi 54 cikin ɗari. Dalar da ake saye kimanin sidi 6 a farkon shekarar sai da ta kusa kai sidi 15. Ƙaramin ɗan kasuwa zai saro katon ɗin madara a kasuwar Kejetia, ya sayar gwangwani-gwangwani, ya ƙirga ya ga riba. Ya koma sari, a ce masa kaya sun tashi. Ribar da uwar kuɗin duka ba za su sayi katon ɗin da ya sayar jiya ba. Yaron da ya ga mahaifinsa ya karye a haka, wa zai lallashe shi ya zuba kuɗin adashinsa a shago? Gara masa ya karɓi pragya, wato adaidaita-sahu, ya kai wa mai ita kuɗin yini, ya san abin da zai kwana da shi.

Banki ma ba mafita ba ce. A 2023 Babban Bankin Ghana ya kai kuɗin ruwa kashi 30, ga shi da yawanmu na gudun bashin riba saboda addini. Ga kuma mai ba da hayar shago, sai ya nemi kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ta taƙaita abin ga wata shida. Jarin ya ƙare kafin a jera kaya.

A 2025 sidi ya farfaɗo, an soke harajin e-levy na tura kuɗi ta waya, hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10. Alhamdulillahi. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Idan ana son matashin unguwar Sawaba ya sake tunanin buɗe shago, a tilasta bin dokar haya, a buɗe ƙofar bankin da ba ruwansa da riba, sannan Asusun Raya Zango na gwamnati ya riƙa ba da jari ta hannun ƙungiyoyin adashi, waɗanda suka san mai biya da wanda ba ya biya.