Manhaja za ta kashe fitila, amma ba za ta gyara ginin gilashi ba

Duk wanda ya bi ta gaban wata sakatariya da tara na dare ya ga abin: ofisoshi wayam, fitilu na ci, na'urar sanyi na ta kaɗawa, janareta na zuƙar dizal. Da can ana ɗaukar wannan a matsayin sakaci kawai. Tun Afrilun 2024, da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta kai kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, naira 225 kan kowane yunit, ya zama ɓarnar kuɗi tsagwaronta.

Shi ya sa nake goyon bayan manhajojin da ke lura da yadda gini ke cin wuta da ruwa. A Amsterdam akwai ginin The Edge, mai ƙananan na'urori kusan 28,000 da ke auna motsi, haske da zafi. Sashen da babu kowa, manhaja ta rage masa wuta da sanyi. A New York kuwa, dokar Local Law 97 ta 2019 tana cin manyan gine-gine tarar dala 268 kan kowane tan na hayaƙi mai ɗumama yanayi da ya haura ƙa'ida, don haka dole mai gini ya san lissafinsa. Mu nan ko mita a kowane bene, da saƙon waya idan an bar na'urar sanyi a kunne bayan tashi aiki, sun isa su tona asirin inda wuta ke sulalewa.

Sai dai kada dillalai su ruɗe mu. Ginin da aka lulluɓe da gilashi, yana kallon yamma a Kano, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, tanda ce, komai wayon manhajar da aka sa masa. Magina na dā sun san haka: katangar ƙasa mai kauri, ƙaramar taga, rufin azara, soro mai sanyi da tsakar rana. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Najeriya ta fitar a 2017 ma kan girman tagogi, inuwa da rufi ta fi tsayawa. Wa ke bin ta?

Manhajar da ta fi mana amfani ita ce ta kafin a sa tubali, irin EDGE ta hukumar IFC, wani reshe na rukunin Bankin Duniya, wadda mai zane zai gwada tsarinsa kyauta ya ga ko zai rage wuta da ruwa da kashi 20 cikin ɗari. Hukumomin ba da izinin gini na jihohi su fara neman wannan lissafi tare da takardun fili.