Mitar da ke saman falwaya, shaidar wa za ta bayar?

Shekara shida ni ne mai riƙe littafin kuɗin wuta a gidan hayar da muka zauna a Unguwar Rogo. Ɗaki goma sha ɗaya, mita babu. Duk ƙarshen wata idan aka soke takardar bil a ƙofar zaure, ni zan zaro ta in zauna da biro in raba wa kowa nasa. Wanda ya taɓa zaman gidan haya a Jos ya san yadda ake rabon: a ƙirga ƙwan fitila, a ƙirga soket, mai firji a ɗora masa kaso biyu, mai dutsen guga a ƙara masa ɗaya.

Akwai wata dattijuwa a ɗakin ƙurya, kowa Inna yake ce mata. Ƙwai ɗaya gare ta da 'yar rediyo. Takan zo da kuɗinta a ƙulle a bakin zani, ta kwance a gabana tana warware su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Malam, ni fa da na idar da isha'i nake kashe fitila. Wannan ƙarin na mene ne?" Iyakar abin da nake iya ce mata shi ne, "Inna, haka suka kawo." Alhali dukanmu mun san idan sanyin Disamba ya kankama, tun kafin kiran assalatu ake tsoma hita a bokiti a ɗakuna uku ko huɗu, har ka ga fitilar tsakar gida ta yi ja tana neman mutuwa. Mai hita bai ji a aljihunsa ba, mai kashe fitila da wuri ba ta ga ribar tattalinta ba, domin lambar da ke kan takardar a ofis aka yanko ta, ba a gidanmu aka auno ta ba.

Saboda wannan zama da na yi, duk inda ake maganar mita ina sahun gaba. Bil na ƙiyasi tauye mudu ne, ko da wane suna aka kira shi. A kasuwar Katako ba wanda zai yarda mai masara ya dubi buhunsa ya ce, "Ina jin ya kai mudu arba'in, kawo kuɗi." Amma tun ranar 1 ga Nuwamba 2013 da aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, miliyoyin gidaje da shaguna a ƙasar nan da irin wannan awon ake sayar musu da lantarki. Ga shi garinmu ba baƙon wuta ba ne: tun 1929 aka kafa NESCO, tana samar da lantarki daga ruwan Kurra saboda haƙar kuza, lokacin da yawancin manyan garuruwan ƙasar nan da aci-balbal suke kwana. Abin da ciwo a ce kusan shekara ɗari bayan haka muna nan muna roƙon abin awo.

An yi ta fito da tsare-tsare, ba a ce ba a yi ba. A 2018 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta kawo tsarin da mutum zai biya kuɗin mita daga aljihunsa, daga baya aka ƙara da cewa a riƙa mayar masa da kuɗin a yunit. A Fabrairun 2020 ta sa iyaka ga abin da za a iya caza wa marar mita. A ƙarshen shekarar gwamnatin Buhari ta fara rabon mitoci da tallafin Babban Banki, zagayen farko kusan miliyan ɗaya. Amma kuɗin mitar kansa ya gudu ya bar talaka: a Satumbar 2023 mai layi ɗaya ta koma kusan naira 82,000, mai layi uku kusan 144,000, a Mayun 2024 kuma aka sakar wa kasuwa farashin. Ita kuwa iyakar da aka sa wa ƙiyasi, a Fabrairun 2024 sai da hukumar ta ci kamfanonin tarar naira biliyan 10.5 saboda sun tsallake ta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mutum wanda duhun lissafi yake yi wa rana.

Ni dai na ga bambanci da idona a watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, muka yi sama da mako guda a duhu. A lokacin na riga na tashi daga tsohon gidan, ina da mitata. Yunit ɗin da na bari ranar da aka ɗauke, su na tarar ranar da aka dawo da ita, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Maƙwabcina mai injin markaɗe, da ba shi da mita, shi sai da ya yi ta sintiri ofis da takarda a hannu yana ƙoƙarin tabbatar da abin da duk ƙasar ta sani.

To yanzu magana ta koma kan mita mai ƙwaƙwalwa, wadda ake ta alkawarin shigo da miliyoyinta ta shirin fadar shugaban ƙasa da kuma rancen dala miliyan 500 na Bankin Duniya. Da yawanmu muna ɗaukar duk mitar kati ita ce mai ƙwaƙwalwar, alhali da bambanci. Mitar kati ta da kurma ce: ka sayo lambobi ashirin, ka danna, ta karɓa, ba ta magana da kowa. Kun tuna hayaniyar Nuwamban 2024? Agogon da ke cikin lambobin katin ya fara ƙirga mintoci ne tun farkon 1993, kuma ranar 24 ga Nuwamban nan zai cika ya tsaya, shi ya sa aka ce kowa ya nemo wasu lambobi jeri biyu ya danna da hannunsa. Na danna wa tsofaffi da dama a layinmu, wasu hannunsu na rawa don tsoron kada kuskure ɗaya ya kulle musu wuta. Mita mai ƙwaƙwalwa ita tana da layin sadarwa a cikinta, ko sim irin na waya, ko ta bi ta kan wayar wutar zuwa wani akwati a gindin taransfoma. Duk bayan minti goma sha biyar ko talatin tana rubuta abin da ya wuce ta cikinta, ta aika ofis. Ana iya sa mata kuɗi daga nesa, a yanke ta daga nesa, a dawo da ita daga nesa. Idan aka buɗe murfinta ko aka zagaye ta, za ta kai ƙara. Sau da yawa ma a saman falwaya ake ɗaure ta, a bar maka ɗan akwatin dannawa a ɗaki.

Duk wannan na yarda da shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk lokacin da ake tallar wannan mita, amfanin da ake lissafawa na ɓangare ɗaya ne: za ta kama ɓarawo, za ta tara kuɗi, za ta yanke wanda bai biya ba. Ban cika jin ana faɗin ɗaya rabin ba. Na'urar da ta san yunit nawa na sha ƙarfe uku na dare, ta kuma san ƙarfe nawa aka ɗauke wuta da ƙarfe nawa aka dawo da ita. Ta san daren da wutar ta zo ba ƙarfi, fanka na juyawa kamar mai jin barci, firji na ƙugi ya kasa tashi. Ta san ranar da ta zo da ƙarfin da ya ƙona caja da talabijin a layi guda. Duk yana rubuce a cikinta. Wa ke ganin wannan rubutun? Ni da aka ɗaura ta da sunana, ba na gani.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, tunda yanzu da awa ake sayar mana da wuta. An raba masu sayen wuta rukuni-rukuni: Band A an ce awa 20 a rana ko fiye, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ranar 3 ga Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin 'yan Band A daga naira sittin da wani abu zuwa 225 kowane yunit, daga baya ya sauko 206.80, ya sake hawa 209.50. Hujjar wannan tsada ɗaya ce tak: awa ashirin ɗin nan. Hukumar ta ce layin da ya yi kwana bakwai a jere bai cika alkawari ba, a sauke shi daga rukunin. Madalla. Amma a ina ake ƙirga awannin? A kan babban layin da ma'aikata ke kira fida. Fida na iya kwana da wuta lafiya lau, alhali taransfomar unguwarku ta yi mako uku a ƙone, ko fis ɗin layinku ya tsinke, ko ana yi muku rabon kwana saboda kaya sun yi mata yawa. A takarda kuna cikin haske, a gida kuna neman ashana. Sannan a bi ku gida-gida da karo-karon gyaran taransfoma, abin da hukumar da kanta ta sha faɗa cewa ba haƙƙin mai sayen wuta ba ne.

Mita mai ƙwaƙwalwa ce kaɗai shaidar da ke tsaye a ƙofar gidana dare da rana. Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba: duk ƙarshen wata a turo mini saƙo a waya, da Hausa ga mai so, cewa ga awannin da gidanka ya samu, ga abin da aka yi maka alkawari. Idan da giɓi, a mayar mini da bambancin kuɗin a yunit kai tsaye, ba sai na rubuta takardar koke na bi layi ba. Yadda ba a jiran in kai kaina kafin a yanke ni idan kuɗina ya ƙare, haka bai kamata a jira in yi roƙo kafin a biya ni ba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kula da kasuwar wutarsu, saboda haka 'yan majalisarmu na Filato ba su da uzurin cewa magana ce ta Abuja.

Akwai kuma batun ikon da ke hannun mai danna maɓalli daga nesa. A Ingila, inda aka yi nisa da waɗannan mitoci, a farkon 2023 sai da hukumar makamashinsu ta taka wa kamfanoni burki, bayan ta bayyana ana tilasta wa marasa ƙarfi komawa biya-kafin-sha, wasu ma daga ofis aka juya musu mitar ba wanda ya taka ƙofarsu. Mu nan namu ya fi kusa: a sa maka sabuwar mita, ka sayi kati, ka ga yunit bai kai ba, ka tambaya a ce ana cire tsohon bashi. Wane bashi? Na ƙiyasin nan da ba a taɓa aunawa ba. Kafin a taɓa ko sisi, ya kamata a zauna da mutum a warware bashin, a nuna masa lissafi, ya sa hannu.

Mu ma sai mun faɗa wa kanmu gaskiya. Satar wuta ta zama ruwan dare a unguwanninmu, har da gidajen da ke da halin biya. A kira yaro mai gyaran wuta da dare, ya ja wa hita da dutsen guga waya ta bayan mita, a bar mata fitilu kawai tana ƙirgawa. Mutum ya fito sallar asuba da ruwan da ya ɗumama da wutar sata, bai ga komai a ciki ba. Wanda ke ɗaukar nauyin kuwa maƙwabcinsa ne, domin asarar a kan kuɗin kowa take komawa, taransfomar da ta ƙone kuma ta kowa ce. Idan mita mai ƙwaƙwalwa ta tona wannan, ni ba zan yi wa kowa kuka ba. Sharaɗina dai idon da ke kallona ya kalli mai sayar mini.

Gas kuwa, mu a nan ba bututu ne ke kawo mana shi gida ba, tukunya muke ɗauka mu kai a ɗora a sikeli, kuma uwargida ce ke fara gane an tauye idan kilo 12.5 ya ƙare kafin lokacinsa. A Nairobi ta Kenya akwai masu ɗaura 'yar mita a bakin tukunya, mace ta biya na girkin yini ɗaya ta waya. Wanda ya kawo irin wannan Gangare ko Rikkos zai raba mata da yawa da hayaƙin gawayi.

Makon jiya na leƙa tsohon gidanmu. An sa musu mita, guda ɗaya, ga ɗaki goma sha ɗaya. Rigimar ta canza kama ne kawai: yanzu kati na ƙarewa tsakar dare, a wayi gari ana nuna wa juna yatsa, wani saurayi na riƙe da littafin yana bin ɗaki-ɗaki. Duk shirin da bai tanadi mita ga kowane ɗan haya ba, ko ƙananan mitoci masu hatimin hukuma a ƙarƙashin babbar, ya tsallake mafi yawan mutanen cikin garin Jos. Na durƙusa na gaida Inna, ta tsufa sosai, idon ma ya yi rauni. Ta ce, "Malam, an ce abin nan da suka maƙala yana ganin komai. To ya ga ni ƙwai ɗaya gare ni?" Na ce mata, "Inna, gidan yake gani gaba ɗaya, bai san ɗakinki ba." Ta yi shiru, ta gyara ɗaurin bakin zaninta, ta ce, "To ku da kuke da baki, ku gaya musu."