Sake, Baba

Duk wanda ya san ni a majalisarmu ta bayan la'asar ya san abu biyu ne ba a yi mini gardama a kansu, kifi da shinkafa. Ni Bakabe ne gaba da baya, a Argungu aka yanke cibiyata, kuma gidanmu gidan masunta ne tun kaka da kakanni. Gaskiya ne aikin ofis nake yi a Birnin Kebbi, rabona da shiga ruwa da homa tun ina aji uku a sakandare, amma bakina bai taɓa yin ritaya ba. Baƙo in ya zo daga Kano ko Kaduna sai na zaunar da shi na karanta masa yadda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, da yadda UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, da kifi mai kilo 78 da aka ciro daga kogin Matan Fada a 2020. Yadda nake faɗin kilo 78 ɗin nan sai ka rantse ni na rungumo shi. Shinkafa kuwa ba a magana, tamu ce ta ci kasuwar Legas da sunan Lake Rice.

Shi ya sa da labari ya bazu cewa an buɗe gidan abincin Japan da Tailan a unguwar manya, kuma babban abin da suke taƙama da shi wai sushi, na tambayi wani yaron ofishinmu da ya fi mu yawon intanet ko mene ne. Ya ce, "Oga, shinkafa ce da kifi." Na yi dariya har da buga tebur. Shinkafa da kifi, a Kebbi! Ai wannan kai tallan gishiri Bilma ne. Nan take na yi alkawari a gaban shaidu cewa albashi na shigowa zan je in duba musu aikinsu.

Ban tafi da ka ba. Dare uku ina kallon YouTube ina koyon cin abinci da tsinke biyu, biro biyu a hannu, ina tsintar gyaɗa daga faranti, yara na leƙe ta labule suna ƙyaƙyatawa. Niyyata uwargida zan ɗauka mu fita mu biyu. Sai ga shi ranar Asabar da hantsi Kawu ya sauka daga Argungu, ya zo ganin likitan ido. Uwargida ta ce ita kam ba ta zama tebur ɗaya da surukinta tana kai loma, in na dawo na ba ta labari. Haka tafiyar ta koma ni da Kawu, dattijon da ya ba saba'in baya, wanda tafin hannunsa ya yi kanta saboda jan taru, wanda kuma bai taɓa cin abin da aka rubuta sunansa a takarda ba.

A mota na yi masa huɗuba. Na ce, "Kawu, wurin manya ne. Duk abin da ka ga na yi shi za ka yi, kuma don Allah a rage ɗaga murya." Ya ce, "Awo." Bai ƙara ko kalma ba.

Wuri kam ya yi kyau. Sanyin na'ura, fitilu ja masu kama da ƙwarya a rataye, kiɗa can ƙasa-ƙasa kamar ana tsoron tada jariri. Wani saurayi mai baƙar riga ya zaunar da mu, ya miƙo mana tawul mai ɗumi a naɗe, muka goge hannu, Kawu ya zarce har ƙeya. Sannan ya ajiye mana tsinkaye. Kawu ya juya nasa ya duba, ya ce, "Ga tsinke, ina tsiren?"

Na buɗe takardar abinci ina gyaɗa kai irin na wanda ya saba. A ɓangaren Tailan idona ya faɗa kan wani abu wai tom kha kai. Na ce to, ko ba komai ga kai, farfesun kai ai ba baƙonmu ba ne. Na ce a kawo. Na nuna hoton sushi iri biyu, wani naɗaɗɗe wani kuma mai yankan kifi a kwance a bisa. Saurayin ya ce, "Yallaɓai, duka suna zuwa da wasabi da gari." Fuskar Kawu ta washe. Ya ce, "Madalla. Yaro, a haɗo da suga da ƙuli."

Kafin abincin ya iso aka kawo wani koren wake a cikin ɓawonsa, an barbaɗa gishiri. Na ɗauki ɗaya na jefa baki gaba ɗaya na kama tauna. Na tauna, na tauna, abu ya zama igiya a bakina, haɗiya ta gagara, tofarwa kuma mutunci ya hana. Ina cikin wannan jihadi na ga Kawu ya matse nasa da yatsa, ƙwayoyin sun faɗo tafinsa, ya watsa baki. Ya ce, "Waken suya na, ɗanye. Kai akuya ta da za ka ci da kowa?" Na rufe baki da tawul na sauke kayana a ɓoye.

Farfesun kai ya zo fari fat. Na zuga cokali ina neman harshe ko kunne, sai tsokar kaza. Ashe a bakin mutanen Tailan kai kaza ce, kha kuma wata 'yar'uwar citta, farin kuwa madarar kwakwa. Akwai ganyen shayin nan mai ƙamshin lemo da mata ke shukawa a bayan ɗaki, an yanka shi guntu-guntu, shi ma sai da na tauna ɗaya kafin na gane don ƙamshi aka sa shi. Miyar dai da daɗi, ba zan ci amanarta ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne shinkafar da ta rako ta. 'Yar Tailan ce, doguwa mai ƙamshi, irin wadda ake ɗorawa a babur daga bakin iyaka cikin dare, wadda aka rufe iyakoki a 2019 don a raba mu da ita. Ga ta nan a faranti ta yi zaman 'yar gida, har da ganye a ka.

Sai ga sushi a kan wani ɗan katako kamar allon almajiri. Naɗaɗɗun guda takwas ne, kowane an ɗaure shi da wani baƙin abu mai sheƙi. Ni da na ci alala a leda tun ina yaro na san abin da ake yi wa baƙin abu mai sheƙi. Na sa farce na fara ɓarewa a hankali, shinkafar ta wargaje a kan tebur. Saurayin ya matso ya sunkuya, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, ya ce, "Yallaɓai, da shi ake ci. Ganyen teku ne, nori." Na ce na sani, dubawa nake in ga ko sabo ne.

Garin da Kawu ke jira kuwa ya zo a gefe, ɗan tsibi, yankakkiyar citta ce siririya da aka jiƙa a ruwan khal. Haka Japanawa ke kiranta, ana ci tsakanin loma da loma don a wanke harshe. Kawu ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce a bar sugan.

Yanzu lokacin tsinke ya yi, lokacin da na yi wa tanadin dare uku. Gyaɗa dai ba ta da nauyi, ba ta da santsi. Na dafe guda mai kifi a bisa, na ɗaga, ta kai rabin hanya, ta juya, ta yi tsalle ta faɗa cikin ɗan kwanon baƙin romon waken suya. Farar shaddata ta sallah, wadda ban gama biyan tela ba, ta koma kamar zabuwa daga wuya zuwa aljihu. Mutanen teburin kusa suka mai da kai ga wayoyinsu, kafaɗunsu na rawa.

Don in dawo da martabata na waiwayi ɗan koren curin da ke gefen katakon. Girmansa bai wuce goriba ƙarama ba, kamanninsa kamar fiya da aka dama. Saurayin ya ce, "Yallaɓai, kaɗan ake taɓawa, yana da zafi." Zafi? Ni da nake cin attaruhu ɗanye da tuwon ɗumame, ni da mai tsire ke ɓoye yajinsa in ya hango ni? Na kwashe curin duka da cokali na kai baki.

Daƙiƙar farko ban ji komai ba, har na fara murmushi. Barkono dai mutumin kirki ne, a harshe yake tsayawa ku yi faɗanku gaba da gaba. Wannan ko kallon harshe bai yi ba. Ta hanci ya bi, ya haura tsakanin idanu, ya je ya buga ƙoƙon kaina ta ciki kamar an kunna fitilar walda. Na ga hasken da babu shi a ɗakin. Na tuna mutanen da nake bi bashi da waɗanda ke bi na. Na so in yi salati, abin da ya fito wata ƙara ce irin ta tsohon injin ban ruwa in ya shaƙi iska. Hula ta faɗi, hawaye da majina suka haɗe a haɓa. Ni da na ce a rage ɗaga murya, har mai gadi sai da ya leƙo.

Kawu ya miƙo mini tawul ɗinsa, wanda ya goge ƙeya da shi, ya ce, "Duk abin da kay yi in yi, ko?"

Hayaniyar ce ta fito da mai dafa abincin, in ana kiran wanda ba ya dafawa haka. Na zaci zan ga ɗan Japan, sai ga saurayi ɗan Yawuri, wanda ya koyi aikin a Legas. Ya ba ni haƙuri, ya ce zafin wasabi tururi ne, yanzu zai wuce. Ya ƙara da cewa wannan ma ba na ainihi ba ne, na ainihin a ruwan sanyi mai gudu na duwatsun Japan yake fitowa kuma tsadarsa ta wuce misali, yawancin wanda ake ci a duniya wata saiwa ce mai yaji ake niƙawa a sa mata launi. Kawu ya dube ni ya girgiza kai. "Jabu yay yi maka haka. Ina ga na gaskiya?"

Daga nan suka manta da ni. Kawu ya ɗauki yankan kifin da hannu, ya shinshina, ya danna da yatsa ya ga naman ya taso, ya ce, "Wanga ba kihin gulbi na ba." Ɗan Yawuri ya ce ƙwarai, daga Norway yake zuwa a daskare, kuma na gulbi ba a cin sa ɗanye saboda tsutsar da ke cikin naman, ko da giwan ruwa ne. Kawu ya ce wannan tun kakansa an sani. Ya nemi ganin wuƙar. Aka kawo wata doguwa mai kaifi gefe ɗaya, ya gwada ta a farce, ya yi shiru irin na girmamawa. Ɗan Yawuri ya ba shi labarin cewa asalin abin dabarar ajiya ce, mutanen gaɓar kogin Mekong ke binne kifi mai gishiri a dafaffiyar shinkafa ya yi watanni, irin wannan na hannu kuma a Tokyo aka fara sayar da shi a bakin titi wajen 1820, ana ci a tsaye. Kawu ya ce, "To, bandarsu ta, daga baya tak koma ƙosan tasha." Ya dangwala kifin a romo ya kai baki da yatsu uku. Ɗan Yawuri ya ce wallahi haka tsofaffin Japan ke ci, tsinken ba dole ba ne.

Dare uku da biro. Na tashi na nufi bayi in wanke fuska da shadda.

Na yi kamar minti ashirin a can, ina goga sabulu, tabon na ƙara faɗi. Da na fito sai na hango teburinmu da katakai a jere kamar makarantar allo an tashi. Na ƙirga bakwai. Kawu ya jingina da kujera yana sakace da tsinken cin abincin.

"Ɗana, yaron ga ɗan albarka na," in ji shi. "Nit tambaye shi sunan kihin, sai yac ce, sake, Baba. Nic ce to, sake. Da anka kawo nic ce har yanzu ba ka gaya min sunan ba. Yac ce, sake, Baba. Ka san ba a mai da kyauta."

Saurayin ya buɗe takardar ya nuna mini da yatsa. Sake, sunan jan kifin ne da Japananci, faranti ɗaya mai loma biyu naira 8,000. Ya ƙara da cewa akwai wani saken ma, giyar shinkafa, amma su ba sa sayarwa. Na ce alhamdu lillahi, da yau har Hisba sai ta san da zamanmu.

Takardar kuɗi ta zo a cikin ɗan akwati, naira 91,400. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, wato ni da Kawu mun cinye ma'aikaci guda har da ɗoriya, ni kuma abin da ya shiga cikina bai wuce miyar kwakwa da ɓawon wake ba. Na miƙa kati, POS ya ce kuɗin ba su isa ba, da ƙarar da duk ɗakin ya ji. Na koma gefe na kira uwargida, na yi ƙasa da murya na ce ta turo mini dubu talatin daga kuɗin adashenta. Ta ce, "Malam, me ya samu muryarka, kuka ka yi?" Na ce mura ce. Ta ce, "Mura a tsakiyar bazara?" Ta dai turo, bayan na maimaita sau biyu cewa bashi ne.

Mun isa gida muka tarar ta ajiye tuwon shinkafa miyar kuka da bandar tarwaɗa a kwanon rufi, mulmula shida. Ban tambaye ta yadda aka yi ta san za a buƙata ba. Na ci huɗu. Kawu, da faranti bakwai a cikinsa, ya ci biyu, ya ce shinkafar can ma tuwo ce da aka fasa tuƙawa.

Ranar Litinin a majalisa na ce musu wurin ba laifi, sai dai kifinsu bai kai namu ba. Na yi zaton magana ta mutu. Shekaranjiya da dare waya ta yi ƙara, Kawu ne daga Argungu. Ya ce likita ya ce ya dawo ƙarshen wata a duba idon, kuma abokansa biyu da suka yi su tare tun suna samari sun ƙaryata shi cewa ana cin kifi ɗanye, don haka da su zai zo su gani da idonsu. Ya ce in gaya wa ɗan Yawuri ya wasa wuƙa. Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa ɗaya daga cikinsu ma kurma-kurma ne, sai an maimaita masa suna sau da yawa yake ji.