Ƴan sitidiyo, ku zo ku ji labarin Ramones tun gaba bata ci ƙungiyarku ba

Salam ƴan uwa, musamman ku ƙannena da kuka haɗa kai ku uku ku huɗu kuka buɗe ƙungiyar waƙa ko sitidiyo ko ma ɗan shagon ɗinki na haɗin gwiwa, akwai labarin wasu turawa da nake so ku ji. Nasan wani zai ce ina ruwanmu da kiɗan punk, abin da ko a rediyo bamu taɓa ji ba, hayaniyar jita kawai da ihu. Gaskiya ne, ni ma ba cewa nayi kuje ku saurara ba. Zaman da suka yi da juna shine abin dubawa.

Sunansu Ramones, samari huɗu daga unguwar Forest Hills a yankin Queens na birnin New York, sun kafa ƙungiyar a 1974. Ba ƴan gida ɗaya bane, babu ko dangin iya balle na baba, amma kowa ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki Ramone: Joey mai waƙa, Johnny mai jita, Dee Dee mai jitar bas, Tommy mai ganga. Shi Tommy ɗin ma a Budapest ta ƙasar Hungari aka haife shi, kuma asali manaja ne, sai da aka yi ta gwada makaɗa babu wanda ya iya bugun da suke so, shi kuma yana ta nuna musu ga yadda ake yi ga yadda ake yi, ƙarshe aka ce to kai ka zauna kan gangar kawai.

Ba wasu gwanaye bane fa lokacin da suka fara. A watan Agusta 1974 suka fara hawa dandali a wani ƙazamin kulob mai suna CBGB, wasan gaba ɗaya baya kai minti ashirin, kuma a ciki har da tsayawa ayi gardama a gaban mutane kan wace waƙa za a yi gaba. Albam ɗinsu na farko ya fito a 1976, dala 6,400 aka kashe, waƙa 14 a cikin minti 29. A jerin cinikin Billboard iyakarsa lamba 111. Kunsan yaushe wannan albam ya kai kwafi dubu 500 a Amurka? Sai 2014, bayan shekara 38, lokacin uku daga cikin huɗun suna ƙasa. To kai da ka saki waƙa ranar Juma'a zuwa Litinin baka ga ta zaga TikTok ba har ka fara rubuta cewa an yi maka asiri ko ƴan masana'anta sun haɗe maka kai, dan Allah ka ɗan nutsu.

Abin da ya riƙe su aiki ne, ba sa'a ba. Ranar 4 ga Yuli 1976 suka yi wasa a Roundhouse da ke Landan, samarin Ingila da ke hanyar kafa nasu ƙungiyoyin suka ƙara samun ƙarfin gwiwa, daga baya wasu ma suka fi su kuɗi da suna nesa ba kusa ba. Su kuwa ko a jikinsu, shiga ɗaya kullum, baƙar jaket ta fata da yagaggen wandon jins da kambas, Dee Dee ya ƙirga ɗaya biyu uku huɗu a afka waƙa, tana ƙarewa ya sake ƙirgawa, babu surutu babu dogon gaishe-gaishe. Shekara 22 suna wannan, wasa 2,263, albam na sitidiyo 14, kuma yawancin tafiyar nan a cikin Amurka a ƴar motar bas suka yi ta, ba jirgi ba. Ku raba 2,263 gida 22 ku gani, sama da wasa ɗari ne duk shekara. A gida ana musu kallon ƴan ƙaramin kulob, amma a Ajantina da Brazil har tare motarsu ake yi, a watan Maris 1996 sun yi wasa a filin ƙwallon River Plate a Buenos Aires gaban dubban mutane.

Wannan ɓangaren ku ɗauka, halal ɗinku ne. Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne.

A cikin motar nan da suke kwana suke tashi, mai waƙa da mai jita basa magana da juna. Ba sati ba, ba wata ba, kusan shekara goma sha biyar. Dama can halinsu ya sha bamban, Johnny mutum ne mai tsauri da lissafin kwabo, ra'ayinsa na ƴan jam'iyyar Republican masu ra'ayin riƙau, Joey kuma mai sanyi da kunya, ra'ayin sassauci, ga shi yana fama da lalurar nan ta ƙwaƙwalwa da take sa mutum ya yi ta maimaita abu ɗaya, fita daga gida ma aiki ce gare shi. Duk wannan ana jurewa. Abin da ya fasa tulun shine a farkon shekarun 1980 budurwar Joey ta koma wajen Johnny, har daga baya suka yi aure. Tun daga nan shikenan. Ayi wasa tare, kafaɗa da kafaɗa a kan dandali, mutane na tafi, a sauko kowa ya kama kujerarsa a mota ya juya fuska. Ka duba wannan rayuwa fisabilillahi, mutumin da ka fi ganin fuskarsa sama da iyalinka amma ko sannu bata haɗa ku.

Mu da aka ce mana bai halatta musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa sama da kwana uku ba, nawa ne cikinmu suke gaba a sitidiyo ɗaya yanzu haka, saƙo sai dai ta bakin furodusa, ko a hau sitatus ana habaici? Kuma kuna cewa ai aiki na tafiya. Eh nasu ma ya tafi. Ranar 6 ga Agusta 1996 suka yi wasan ƙarshe a Hollywood kowa ya kama gabansa. Joey ya kwanta ciwon kansa, ya rasu 15 ga Afrilu 2001 yana da shekara 49, Johnny bai je dubiya ba, bai kira shi a waya ba. Daga baya da kansa ya faɗa cewa mutuwar ta taɓa shi. Amfanin me? Shi ma kansar prostate, wadda ke kama maza, ta ɗauke shi a watan Satumba 2004 yana da 55.

Sai maganar kuɗi, wadda kullum kuke cewa haba ai mu ƴan uwa ne ba sai an rubuta ba. Akwai makaɗin da ya shigo a 1983, Richie, ya buga musu wasa wajen ɗari biyar, har waƙoƙi ya rubuta musu. A 1987 ya nemi a riƙa bashi kaso daga kuɗin rigunan da ake sayarwa masu tambarin ƙungiyar, aka hana, ya ajiye sanda ya tafi. Riga fa. Kuma kar ku raina rigar, tambarin nan mai gaggafa da abokinsu Arturo Vega ya zana yau yana jikin mutane a duk duniya, da yawansu ko waƙa ɗaya ta Ramones basu sani ba, kila ma kun taɓa cin karo da ita a gwanjo. Saboda haka tun kuna cin garau-garau tare ku zauna ku rubuta: waye mai sunan ƙungiya, waye mai shafin YouTube da lambar sirrinsa, wanda ya rubuta baiti nawa ne nasa, wanda ya shigo daga baya ma'aikaci ne ko mai kaso, ku sa shaidu biyu su sa hannu. Ayar da tafi kowace tsawo a Alƙur'ani akan rubuta bashi take, ku kuma kuna jin kunyar takarda.

Na ukun shine wanda yafi bani tausayi, Dee Dee. Shine ya rubuta kaso mai yawa na waƙoƙinsu, har bayan ya bar ƙungiyar a 1989 yana rubuta musu. Amma tun yana yaro ya faɗa hodar heroin, ya shiga ya fita, ya daina ya koma. A watan Maris 2002 aka karrama su da shiga Rock and Roll Hall of Fame, zauren girmama gwanayen kiɗan rock, ya hau ya karɓi lasifika yana barkwanci yana gode wa kansa, ana ta dariya. Ko wata uku ba a yi ba, 5 ga Yuni, aka tsinci gawarsa a gidansa, allurar ta yi yawa, shekararsa 50. Shi ma Marky, makaɗin da ya gaji Tommy, giya ce tasa aka kore shi a 1983, sai da ya yi jinya ya daina sannan aka dawo dashi a 1987, kuma shi yana nan da ransa. Ku da kuke cewa sai an ɗan kora kodin ko an haɗiyi tiramol basira take zuwa, wallahi ƙarya ce, basirar Dee Dee tasa ce tun asali, ƙwayar cin ta tayi. In kaga abokin aikinka ya fara, kar ka rufa masa asiri don kar wasan Asabar ya lalace, ka samu yayansa ko babansa, a soke wasan in ta kama.

Kuma gabar nan bata mutu da masu ita ba. Dukiyar sunan Ramones rabi ya faɗa hannun matar Johnny, waccan dai da aka yi rigimar a kanta, rabi ya faɗa hannun ƙanen Joey, a 2024 ma sun maka juna a kotu a New York, har da rigima kan wani fim da aka so yi akan rayuwar Joey.