Ingancin alƙaluma a ƙofar gida yake farawa

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta sanar daga Abuja cewa marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 cikin ɗari ne, alhali alƙalumanta na ƙarshen 2020 sun ce kashi 33.3. Jama'a da dama sun ɗauka an raina musu hankali. Abin da ya faru shi ne an canza ma'auni. A da, wanda bai cika awa 20 yana aiki a mako ba marar aiki ne, yanzu kuwa, bisa ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya domin samun kuɗi a cikin kwana bakwai da suka gabata mai aiki ne. Hukumar na da hujjarta, domin ta haka ne za a iya kwatanta mu da sauran ƙasashe, amma ya kamata a ce ta ci gaba da fitar da tsohon lissafi tare da sabo na wani lokaci, yadda mai karatu zai gane abin da ya sauya a takarda da wanda ya sauya a rayuwa.

Sai dai abin da ya fi damuna yana can nesa da ofisoshin Abuja. Ma'aikacin tattara bayanai ya yi sallama a wani gida a Gwagwalada ko Kuje, namiji ne, gidan kuma ba a shiga, don haka maigida ne zai fito zaure ya amsa a madadin kowa. Ya ce matarsa tana gida kawai, alhali ita ce ke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa yara na kai talla, kuma da ribar take zubin adashi. An tambaye shi shekarunta, ya ɗan yi shiru ya ce talatin. Masana ƙidaya sun daɗe da sanin wannan matsalar, inda shekarun mutane ke taruwa a kan lambobin da suka ƙare da sifili ko biyar. Da zarar amsar nan ta shiga kwamfuta, babu gwanintar lissafin da za ta dawo da sana'ar matar.

Haka abin yake a gona da kasuwa. Binciken da aka yi da na'urar GPS, mai auna fili ta hanyar tauraron ɗan'adam, a ƙasashen Afirka, har da Najeriya, ya nuna cewa masu ƙananan gonaki sukan ƙara wa gonarsu faɗi idan aka tambaye su da baki, masu manya kuma su rage, wanda hakan ke karkatar da lissafin amfanin da kowace hekta ke bayarwa. Mai rubuta farashin masara kuwa, in bai auna a sikeli ba, ya manta cewa mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba.

Saboda haka ina ganin duk rahoton da hukuma ko jami'a za ta fitar, wajibi ne ya bayyana wanda ya amsa tambayoyin, da gidajen da suka ƙi amsawa, da yawan matan da ke cikin ma'aikatan, da ko an koma wasu gidajen an tabbatar. A kuma ware kuɗin horo da alawus na masu shiga ƙauyuka tun kafin na taron ƙaddamar da rahoto, domin ma'aikacin da ba a biya ba yana iya zama a gindin bishiya ya cike takardun da kansa. Su kuma mahukunta su tuna cewa rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu mutum miliyan 140, kuma a kan hasashen da aka ɗora bisa wannan adadi ake lissafa yawancin alƙaluman da muke gardama a kansu.