Tallafin duba marasa lafiya daga nesa: wa zai biya albashi bayan shekara uku?

Yankin Nunavut da ke arewacin Kanada yana da garuruwa 25, kuma babu titin mota da ya haɗa su da juna ko da sauran ƙasar. Idan ciwo ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na gari, sai an ɗauki majinyaci a jirgin sama zuwa Iqaluit, babban birnin yankin, wani lokaci har Ottawa ko Winnipeg. Haka lamarin yake a ƙauyuka da dama na jihar Alaska ta Amurka da kuma tsakiyar Ostireliya, inda 'yan asalin ƙasa ke zaune nesa da manyan asibitoci. Saboda haka babu mai musun amfanin haɗa majinyaci da likita ta intanet. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda ake tsara kuɗin tallafin da ke ɗaukar nauyin wannan aiki.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. A Amurka, dokoki biyu da suka fara aiki tsakanin ƙarshen 2020 da 2021 sun ware kimanin dala biliyan 3 domin kai intanet mai ƙarfi yankunan ƙabilun asali, bayan annobar korona ta fallasa halin da al'ummomi irin su Navajo ke ciki, inda gidaje da yawa ba su da ruwan famfo, balle intanet. Ma'aikatar noma ta ƙasar ma ta daɗe tana raba tallafin sayen na'urorin karatu da jinya daga nesa. Sai dai galibin irin wannan tallafi na ɗan wa'adi ne, kuma ya fi karkata ga abin da za a saya a kafa, a ɗauki hotonsa a saka cikin rahoto. Albashin wanda zai kula da na'urar, da kuɗin intanet na wata-wata, da gyara idan ta lalace, duk kan dawo wuyan al'ummar da zarar wa'adin ya cika.

Misalin Alaska ya nuna inda ƙarfin aikin yake. Tsarin da aka kafa can a ƙarshen shekarun 1990 bai dogara da hira kai tsaye ta bidiyo ba. Ma'aikacin lafiya na ƙauye ne ke ɗaukar hoton cikin kunnen yaro da sauran bayanai, ya tura wa ƙwararren likita a Anchorage, birni mafi girma a jihar, shi kuma ya duba ya aiko da amsa, ko da layin sadarwa ba shi da ƙarfi. Wannan ya yiwu ne saboda tun 1968 akwai shirin horar da 'yan ƙauye su zama ma'aikatan lafiya a garuruwansu, mutanen da ke jin yaren majinyaci, suka kuma san gidan da ya fito. Likitan da ke cikin allo ba zai taɓa cikin majinyaci ba, ba zai ɗebi jini ba. Dole akwai hannu a ɗaya ɓangaren. Tallafin da ya sayi kyamara ya bar wannan ma'aikaci babu albashi, tamkar rijiya ce aka haƙa ba a saka guga ba.

Akwai kuma matsalar gasa. Ana raba yawancin tallafi ne ga wanda ya fi iya rubuta takardar nema, kuma ƙungiyar da ke da lauyoyi da ma'aikatan ofis ta fi ƙaramin ƙauye wannan dama, duk da cewa ƙauyen ne ya fi buƙata. Masu bayarwa za su ce dole a bi diddigin kuɗin jama'a, kuma suna da gaskiya. Amma bin diddigi ba ya hana a ba da kuɗi na shekaru masu yawa kai tsaye ga hukumomin lafiya da al'ummomin suke tafiyarwa da kansu, irin wadda 'yan asalin Ostireliya suka fara kafawa a Redfern ta birnin Sydney a 1971.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gwamnati ta mayar da allon kwamfuta hujjar rage zuwan likitoci ƙauye. Ya kamata kowace yarjejeniyar tallafi ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa ziyarar ido da ido za ta ci gaba, ta kuma fayyace a hannun wa bayanan majinyata za su zauna idan kamfanin da ya kawo manhajar ya tattara kayansa ya tafi.